Tofsifin ɗin fohan a ƙwallon tebur: hannu ne, ƙugu ne, ko dai roba ce?

Auta: Salam alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min. Fohan ɗina, wato bugun ɓangaren tafin hannu, in ƙwai ya ɗan tashi sama ina simash lafiya lau, amma da zarar mutum ya yanko min cof mai nauyi, wato ƙwai mai juyin baya sosai, sai dai raga, in na ce bari in ɗaga hannu kuma ya wuce tebur ya tafi can wajen masu jiran layi. Tofsifin ɗin nan, bugu mai juyin gaba da ake gani a bidiyo, ƙwai ya lanƙwaso ya sauka ya zabura, wai ya ake yinsa ne? Da dama nake bugawa, riƙon musabaha.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Wane irin bat gare ka tukuna? Don in irin na kanti ne mai zuwa biyu a leda da ƙwai uku to ka huta kawai, ko Ma Long zakaran Sin ka miƙa wa ba zai ɗaga cof da shi ba hhh

Auta: Haɗaɗɗe ne na saya a shagon kayan wasanni, robar dai ta ɗan yi sheƙi a tsakiya

Ɗan Fagge: To ka gani. Ɗauki ƙwai ka ɗan danna shi a kan robar ka ja, in ya zame sumul ba ta riƙe shi ba to ta mutu, sai dai a yi mata addu'a. Canza roba, magana ta ƙare.

Koci: Ɗan Fagge rabin gaskiya ka faɗa. Matacciyar roba ba ta kama ƙwai, wannan ba musu. Amma na sha ganin yaro ya tara kuɗi ya sa roba mai tsada, washegari cof ɗin nan dai raga yake kai shi, bambancin kawai yanzu yana isa ragar da sauri. Auta abin da ka kwatanta alamar mai bugu da kafaɗa ne yana tsaye ƙiƙam.

Fara daga ƙasa. Buɗe ƙafafu su fi faɗin kafaɗunka, ta dama ta ɗan ja baya tunda da dama kake bugawa, gwiwoyi a lanƙwashe, nauyinka a gaban tafin ƙafa ba a dunduniya ba. In cof ya taho sai ka juya ƙugu dama, nauyi ya koma kan ƙafar dama, kafaɗar dama ta sauka, bat ya gangara har wajen gwiwa. Ka lura ba hannu ne ke kai bat baya ba, juyawar jiki ce ke tafiya da shi. Daga nan ƙafar dama ta tunkuɗa ƙasa, ƙugu ya warware, hannu ya biyo a ƙarshe, sangalin hannu ya fizgo daidai sanda roba ta taɓa ƙwai. Bat ya ƙare wajen goshi, nauyi ya koma ƙafar hagu. In ka ga bat ya zarce har bayan kunnen hagu to ya yi yawa, ƙwai na biyu zai zo ya same ka ba ka dawo ba.

Taɓawar kuma gogawa ce irin ta ƙyasta ashana, ka danna da ƙarfi tsinken ya karye, ka ja a sanyaye ta ƙi kamawa, sai da sauri kuma sama-sama. Kunnenka ma zai gaya maka, in ka ji ƙwas mai ƙara to katako ne ya daki ƙwai, in ƙarar ta yi ƙasa roba ce ta kama shi.

Auta: Na gode Koci Allah ya ƙara sani. To amma me ya sa cof ɗin ke jan ƙwai ƙasa haka, ni fa ina jin na buga daidai

Injiniya: Bari in sa baki a nan don abin lissafi ne. Ƙwan da aka yanko, gefensa da ke fuskantarka sama yake tafiya. Da ya taɓa roba sai ya yi ƙoƙarin gangarawa ƙasa a jikinta, shi ya sa yake nufar raga. Kai kuma tofsifin ɗin da kake son yi juyinsa ɓangare ɗaya ne da juyin da ƙwan ya zo da shi, wato ba faɗa kake da juyin ba, tsere kuke. In bat ɗinka yana tafiya sama da saurin da ya kai ko ya fi na fatar ƙwan, zai tashi. In bai kai ba raga. Shi ya sa mai jin tsoro da ya rage saurin hannu wai don ya lallaɓa ya fi kowa cin raga.

Lanƙwasowar da kake gani a iska kuma ita ake kira tasirin Magnus, ƙwai mai juyin gaba iska ce ke danno shi ƙasa. Ƙwan gram 2.7 ne kawai, faɗinsa milimita 40, don haka iska tana wasa da shi sosai. Raga tsayinta santimita 15.25, tebur mita 2.74, rabinsa 1.37 ke nan. Ƙwan da ya yi ƙasa da tsayin raga ba yadda za ka yi masa bugun miƙe da ƙarfi ya haye ragar kuma ya sauka a cikin mita 1.37, dole sai juyi ya dawo maka da shi.

Ɗan Fagge: Injiniya mun shiga aji ke nan, a ba mu takardar jarabawa

Bahagon Zariya: Ni fa Koci ban yarda da zancen nan na taƙaita hannu ba. Ku kalli Aruna Quadri mana, hannu yake warewa gaba ɗaya ya zabga, ba ruwansa da wani tsayawa a goshi, kuma da fohan ɗin nan ya cire Chuang Chih-yuan 4-0 ya cire Timo Boll 4-2 a Rio 2016, ɗan Afirka na farko da ya kai kwata fainal a Olamfik. A 2014 shi hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta ba wa gwarzon shekara, a 2022 ya shiga goman farko a duniya. In namu ya kai nan da babban hannu me zai sa mu koya wa yara ƙaramin bugu? Sinawa ma ai hannu a miƙe suke luf, wato tofsifin ɗin nan, duba Xu Xin, bahago ɗan'uwana.

Koci: Bahago in za ka sake kallon wasan Aruna ka rufe samansa da tafin hannunka ka kalli ƙafafun kawai. Mutumin nan yana zagayawa har lungun bakhan, wato ɓangaren bayan hannu, don ya buga fohan, sannan ya ruga ya tare wanda aka jefa masa can ɗaya gefen. Babban hannu yana cin lokaci, shi kuma da ƙafa da ƙarfin cinya yake biyan lokacin. Yaron da ke wasa a tebur ɗin bakin titi da silifas ba shi da abin biya. Kuma ko shi ɗin ƙarfin ba daga kafaɗa yake fitowa ba, duba yadda yake durƙusawa kafin ya saki. Ni ban hana miƙe hannu ba, in ƙwai ya zo a hankali kuma kana nesa da tebur ware abinka. Amma a fara da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, tazarar kamar dunƙulen hannu ɗaya ko biyu tsakaninta da haƙarƙari, in wannan ya zauna sai a ƙara.

Bahagon Zariya: To ai Ma Long ɗin da ya fitar da Aruna 4-0 shi ma fohan ɗinsa babba ne

Koci: Babba ne in ya samu fili, a bakin tebur kuma ya gajarta shi. Abin da ya sa ya ci zinare a 2016 da 2020 ya zama zakaran duniya a 2015 da 2017 da 2019 ke nan a ganina, bugu ɗaya ne amma yana da dogonsa yana da gajerensa.

Baba Mai Cof: Yara ana ta magana ba a tambayi mai yankan ba. Mu da muka fara wasa ana ƙirga 21, sabis biyar-biyar, ƙwai milimita 38, juyin da ake yi a lokacin ku ba ku gan shi ba. A 2000 aka ƙara girman ƙwai zuwa 40, a 2001 aka dawo da ƙirga 11, a 2002 aka hana ɓoye sabis da jiki, a 2014 kuma aka kawo sabon ƙwan filastik da ake rubuta wa 40+. Kowane canjin ƙwai juyi ya rage. Don haka cof ɗin yanzu bai kai na da nauyi ba, in kun kasa ɗaga shi ku kuka da ƙafafunku.

Amma ga abin da zan faɗa maka Auta, sirrin sana'ata ne ma nake tonawa. Ba nauyin cof ne ke kashe masu luf ba, rashin sanin wanne ne mai nauyi. Zan ba ka biyu masu nauyi ka sha wuya ka ɗaga, na uku hannuna zai yi tafiya iri ɗaya amma tura shi kawai na yi ba juyi, kai kuma ka taho da ƙarfin ɗaga mai nauyi, sai bayan tebur. Ka ce in ka ɗaga hannu yana wucewa ko? Wataƙila rabinsu irin waɗannan ne. Kalli bat ɗina sanda yake taɓa ƙwai, kar ka kalli fuskata ko inda hannun ya ƙare. Mai nauyi yana tahowa a shimfiɗe kuma in ya sauka yana ɗan tsayawa, wanda ba juyi kana iya hango tambarin da ke jikinsa.

Auta: Kai Baba, wallahi akwai wani dattijo a wajenmu haka yake min yana murmushi

Baba Mai Cof: Ka gaishe shi, ɗan makarantarmu ne

'Yar Kaduna: Duk kun tsaya a ƙwai na farko, ni matsalar da na fi gani a wajen yaran da muke atisaye tare ita ce na biyun. Mutum ya ɗaga cof da kyau, a yi masa bulok, wato a tare ƙwan da bat ya dawo, sai ya sake sauke bat har gwiwa ya yi bugun ɗazu, alhali ƙwan da ya dawo yanzu juyin gaba gare shi, yana taɓa roba sama zai yi. Na biyu bat ba ya sauka, yana tsayawa wajen tsayin tebur ko ƙugu, a kife fuskarsa, a goga saman ƙwai, tafiyar ta zama gaba fiye da sama. Bugu biyu ne daban kuma a jere suke zuwa, in ba a haɗa su a atisaye ba a wasa ba za su haɗu ba.

Sannan dan Allah a daina miƙa hannu a kamo ƙwai. In ya yi nisa taka ka je, in ya nufo cikinka matsa gefe. A gabanka ta dama ake taɓa shi, inda in ka haɗa hannayenka biyu a gaban ciki ka juya ƙugu za su kai. Kuma ko kambas ɗin gwanjo ne a saka, a share yashin da ke ƙasa, ba a juya ƙugu a kan santsi.

Koci: Hajiya ta gama magana. Wannan na biyun shi ne ke raba wanda ya iya da wanda ya haddace.

Auta: To Anti a wane lokaci ake taɓa shi, yana tashi ko sai ya fara sauka?

'Yar Kaduna: Kai da kake koyo bar shi ya kai ƙololuwa ko ya ɗan fara saukowa, za ka fi samun lokacin gogawa. Kar dai ka bari ya faɗa ƙasan tebur sosai don daga nan sai dai ka cilla shi sama a yi maka simash.

Bahagon Zariya: Nan ma ina da ja. Luf mai tafiya a hankali yana tashi sama, duk wanda ya iya zai danne shi tun yana tashi. Gara a koyi mai sauri tun farko.

Baba Mai Cof: A Legas wataƙila, wajen ƙwararrun da ke buga gasar WTT a filin Teslim Balogun. A teburan da ni da kai muke zuwa mutum nawa ne ke iya danne luf mai juyi sosai? Tara cikin goma bat suke tarawa ƙwan ya yi tsalle ya bar tebur suna duba robarsu. Timo Boll shekara nawa ya yi yana cin manya da buɗewa, wato luf ɗin farko, mai juyi ba mai gudu ba, ya durƙusa ƙasa ya sa wuyan hannu. Mai juyin shi ne tushe, wanda ya iya shi ƙara gudu ba wuya, kife bat ne kaɗan da tura jiki gaba. Wanda ya fara da gudu kuwa simash yake yi yana kiransa luf.

Bahagon Zariya: Baba tara cikin goman nan a ina aka ƙirga hhh

Baba Mai Cof: A kanka aka fara

Ɗan Fagge: Ku dai ku gama zagaye-zagayenku ku dawo kan roba. Ni Hurricane 3 na sa a fohan irin ta Ma Long, tana da danƙo har ƙwai take ɗagawa daga kan tebur, cof kuwa ko na Baba ne

Injiniya: Hurricane ɗin da ke kasuwa soson da ke ƙarƙashin robarta tauri gare shi, in ba ka da saurin jiki ƙwai mutuwa yake a kanta, ba ta ba ka gudu kyauta. Ta 'yan wasan ƙasar Sin zaɓaɓɓiya ce ba irin tamu ba. Ga ƙura, da hunturu wasa ɗaya za ka yi danƙon ya kwashi ƙura ya zama santsi, da damina kuma laima ta kwanta a kai ƙwai ya dinga zamewa yana faɗuwa a gabanka. Ɗaya ɓangaren kuma Tenergy 05 ta Butterfly da ta fito a 2008, ita tana cilla ƙwai da kanta amma kuɗinta ba na ɗalibi ba ne, jabunta kuma sun cika intanet, in ka ga araha ta yi yawa ka san akwai magana.

Koci: Kuma roba mai cilla ƙwai da kanta tana ɓoye wa mai koyo kuskurensa, ya ɗan taɓa da hannu ƙwai ya haye ya ɗauka ya iya. Auta nemi katako zalla mai falle biyar, ba mai kabon ba, ka sa roba mai matsakaicin gudu. Mark V ta Yasaka ko Sriver tun wajen ƙarshen shekarun 1960 ake koyon luf da su har yau ba su gaza ba, in aljihu bai kai ba akwai na Sin masu sauƙi irin 729 da Yinhe da Palio. Bayan wasa ka ɗiga ruwa kaɗan ka goge da soso mai laushi, in ta bushe ka rufe da leda mai tsabta, kar ka bar bat a rana ko a cikin but ɗin mashin.

Ɗan Fagge: Gam fa? Mu da solushan ɗin masu faci muke liƙawa, har wani ƙara yake ba ta mai daɗi

Baba Mai Cof: Wannan ai tsohon zance ne, tururinsa ne ke kumbura soso ya ƙara gudu da juyi, an daɗe ana cewa wajen 'yan Hangari abin ya fito, su Klampar da Jonyer da Gergely da suka ci Sin suka zama zakarun duniya na ƙungiya a 1979. An haramta shi tun 2008 saboda illar shaƙarsa. A unguwa ba mai kama ka, amma ranar da ka je gasa ta gaske za a iya duba bat, roba da soso ma kaurinsu kar ya wuce wajen milimita 4. Gam na ruwa ake amfani da shi yanzu.

Mai Shayi: Afuwan jama'a wa ya san sakamakon wasan Arsenal na jiya

Admin: Malam nan ƙwallon tebur ake, a kai wancan zauren

Auta: Hhh. Koci to atisayen fa, ni ba ni da mai koya min, teburin haya ne ana biya kowane gem kuma wanda aka ci ya fita

Koci: Nan ne babbar matsalar, ba kai kaɗai ba. A teburin wanda aka ci ya fita ba wanda zai gwada sabon bugu, kowa turawa yake yana jiran kuskuren ɗan'uwansa don kar ya rasa layi. Ku samu mai teburin ku yi ciniki na awa ɗaya da safe ko da rana tsaka sanda ba kowa, kai da abokinka ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi ƙwayayen atisaye masu yawa ku zuba a roba ko bokiti. Ɗaya ya tsaya gefen raga yana yanko maka ɗaya bayan ɗaya wuri guda, kai kana ɗagawa, ba ƙirga maki, in bokiti ya ƙare ku tsince ku canza. Haka Sinawa ke gina yaransu. In ya fara zama sai ya dinga ba ka ɗaya cof ɗaya mai juyin gaba, abin da Hajiya ta ce. Bayan nan ka yi sabis mai yanka gajere, ya turo maka dogo, ka buɗe, ku ƙarasa makin. Na ƙafa kuma akwai Falkenberg, sunan wani kulob ne a Suwidin inda Stellan Bengtsson zakaran duniya na 1971 ya yi wasa: bakhan a lungun bakhan, ka zagaya ka yi fohan a lungun nan dai, sannan ka ruga ka yi fohan a can ɗaya lungun. Bahago wannan naka ne tunda Aruna kake son zama, yi minti biyu ka zo ka ba mu labarin cinyoyinka.

A gida kuma ba tebur ma kana iya yi. Tsaya gaban madubi ko gilashin taga ka yi bugun ba ƙwai a hankali. Ko ka saki ƙwai daga hannun hagu ya yi tsalle a ƙasa ka goge shi ya tafi bango, in juyi ya kama za ka ga yadda yake zabura. Riƙon bat kuma sassauta shi, manuniya a kwance a gindin robar bakhan, sai daidai taɓawa ka ɗan matse. Mai damƙe bat tun daga farko wuyan hannunsa a kulle yake.

'Yar Kaduna: Ka jingina waya a gefenka na dama ta ɗauke ka daga kai har ƙafa, ka kalla a hankali. Kowa yana rantsuwa yana lanƙwasa gwiwa sai ya ga kansa a bidiyo. Ka duba abu biyu, gwiwar hannu tana ɗagawa sama kafin bat, da kuma ko kana miƙewa tsaye gaba ɗaya lokacin bugu, kai bai kamata ya dinga sama da ƙasa sosai ba. In ka ɗauka ka turo mu gani.

Ɗan Fagge: Amma dai ya canza robar ko? A ba ni gaskiyata

Koci: Ya canza, tunda ta yi sheƙi. Rabinka yana nan ba wanda ya taɓa.

Bahagon Zariya: Ni dai har yanzu ina kan bakana, yaro mai tsayi da dogon hannu a bar shi ya ware. Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Kano, Baba a tanadi cof ɗin

Baba Mai Cof: Bismillah, bayan la'asar. Sai dai ka sani na sa roba mai dogayen ƙuraje a bakhan, duk juyin da ka turo cof zai zama ya dawo maka, iya ƙarfin luf ɗinka iya nauyin abin da za ka ɗaga. Ka taho da ruwan sha.

Auta: Tsaya Baba, ita kuma wannan ya ake yi da ita??

Koci: Kai dai je ka ɗaga na roba mai santsi tukuna. Admin a buɗe wa masu ƙuraje nasu zancen daban, in aka fara shi a nan ba za a yi barci ba.